Jikan Alƙali Na-ji

Shekara ashirin da bakwai Muntari ya yi yana shiga kamfanin roba na Bompai ta ƙaramar ƙofa, kuma da wuya a yi safiyar da zai shiga ba a zagi kakansa ba. Mai zagin ba ta fashi, ba ta ciwon kai, ba ta zuwa biki. Iya Atika ce, mai sayar da shinkafa da wake a gindin katangar kamfanin, tsohuwa mai shekara tamanin ba biyu, wadda haƙoranta suka zube amma harshen yana nan da kaifinsa.

"Jikan Na-ji, an iso? Yau kuma me aka ji?"

Sai leburori su kwashe da dariya, har sababbin da suka zo daga Jigawa da Maraɗi waɗanda ba su san kan zancen ba. Muntari kuwa ba yaro ba ne. Shi ne shugaban masu aiki a injin narka roba, ga furfura, ga iyali cike da gida a Hotoro. Yawanci haɗiyewa yake yi ya wuce. Ranar da abin ya ci shi sai ya tsaya ya ce, "Iya, ku ji tsoron Allah. Mutumin nan fa yana kabari."

"Ubana ma yana kabari," in ji ta. "Su biyun suna bayan katangar nan. Je ka tambaye su wa ya cuci wani."

Kafin a kafa ko da injin ɗaya a wurin, inda kamfanin yake ƙauye ne da ake kira Tsamiya Uku, da gonakinsa na gyaɗa da dawa. Malam Usaini, kakan Muntari, manomi ne kafin ya zama komai, kuma bai ajiye fartanya ba har ya mutu. Da aka naɗa shi alƙali a zamanin Turawa, yakan yi noma daga asuba zuwa hantsi, ya wanke ƙafa a bakin rijiya, ya naɗa rawani, ya hau kekensa zuwa kotu, ya buɗe littafi da ƙasar gona a ƙarƙashin farcensa. Ba ya karɓar toshiyar baki, wannan ko maƙiyansa sun shaida. An ce wani attajiri ya taɓa aika masa da rago ana gobe shari'arsa, shi kuwa ya sa aka ɗaure ragon a ƙofar kotu, ya kira shi shaida na farko.

Wannan kyakkyawan suna ne ya sa aka ba shi kujera a majalisar gunduma, ya zama wakilin ƙauyukan yankin, kuma a kan kujerar nan ƙaddara ta same shi. Wata Talata cikin 1954 Di'o, Baturen mulki, ya zo majalisa da taswira, ya ce gwamnati na son filayen Tsamiya Uku za a kafa masana'antu. Tafinta ya juya maganar. Aka bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Malam Usaini, wanda ƙasar tasa ce, mutanen nasa ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji." Akawu ya rubuta da Turanci cewa wakilin Tsamiya Uku ya amince.

To, duk Bahaushe ya san na ji daban, na yarda daban. Na ji ita ce abin da kake ce wa babba in ya faɗi abin da ba ka so, kai kuma ba ka isa ka musa masa a bainar jama'a ba. Wannan ita ce hujjar gidan su Muntari, ita suka gada tare da kekensa da alkyabbarsa. Muntari bai taɓa ganin kakan nasa ba, an haife shi bayan rasuwarsa da shekara uku, amma ya ɗauki faɗan ya ɗora wa kansa. Har Kaduna ya je ya samo kwafin takardar zaman majalisar, ya naɗe ta a leda ya ajiye a akwatin kayan aikinsa. Duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa sai ya zaro ta, ya ɗora yatsa a kan kalmar Turancin, ya ce, "Ka gani? Tafinta ne ya cuce shi. Da da Hausa aka tambaye shi, da Hausa aka rubuta, da ba mu kai haka ba."

Iya Atika ba ta karatun boko, kuma ba ta bukatar takarda, don ita a gabanta aka yi. Tana da shekara takwas lokacin da 'yan safiyo suka kakkafa turaku a gonaki. Ubanta Ya'u ya tumɓuke waɗanda suke cikin gonarsa ya ɗaure awakinsa da su. 'Yan doka suka kai shi gaban Alƙali Usaini, maƙwabcinsa na gona, wanda suke gayya tare duk damina, alƙali kuwa ya ɗaure shi wata shida. Ko da Ya'u ya fito, an kewaye gonar da waya, gyaɗarsa ta ruɓe a cikin ƙasa ba a cire ba. Tun daga ranar mutanen ƙauyen suka daina cewa Alƙali Usaini, suka koma Alƙali Na-ji, sunan ya bi shi har kabari.

"In bai yarda ba, me ya sa ya ɗaure ubana?" Tambayarta ke nan kullum.

"Doka ce a gabansa, Iya. Alƙali ba ya shari'a da son ransa."

"Dokar da ya ji."

Abin da ya rage na Tsamiya Uku yanzu shi ne 'yar makabarta da tsamiya ɗaya daga cikin ukun. Nan aka binne alƙalin, nan aka binne Ya'u bayansa da shekara huɗu, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Daga baya kamfani ya faɗaɗa katanga ya haɗiye wurin, ya zama lungun da ake jibge fasassun bokitai. Kabarin alƙali kaɗai ke da alama, wani ƙarfe mai ɗauke da sunansa. Na Ya'u tudun ƙasa ne kawai, amma 'yarsa ta san inda yake, shi ya sa a duk faɗin Bompai ba ta kafa tukunyarta a ko'ina ba sai daidai wannan gefen katanga. Takan ce gonar ubanta ta koma tsawon kabari, kuma ita ce mai gadinta.

Ranar wata Litinin Muntari ya sauka daga keke napep yana jiran zagin da ya saba, sai bai ji ba. Iya Atika na zaune, ludayi a hannu, ba ta zuba wa kowa ba.

"Kai, zo nan."

Ya matsa. Ta nuna saman katanga da ludayin. A jikin tsamiyar, daidai inda take leƙowa waje, an shafa jan fenti.

"Direbobin da ke cin abinci a nan sun gaya mini. Sito za a gina. Za su sare ta, su tone mutanen da ke ƙarƙashinta su kai su wani wuri. Lauyansu ya ce ba za a taɓa ba sai magaji ya sa hannu. Ni ba ni da takarda, ubana ba shi da ƙarfe a kansa. Kai za su kira ranar Alhamis."

Ta tofar da yawu gefe.

"Kada ka ɗauka roƙonka nake. Ban taɓa roƙon ɗan gidanku ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Gaya maka nake don kada gobe ka ce ba ka ji ba."

Ran Muntari ya ɓaci, amma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani daɗi da ya ji, don ranar da ya daɗe yana jira ce ta zo. Ya ɗaga murya yadda leburorin da ke kan benci za su ji.

"Iya, ku saurara. Ranar Alhamis za ku ji amsar da kakana zai bayar da an tambaye shi da Hausa. Ba mai taɓa kabarin nan ina raye, nasa da na mahaifinku duka."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji ta. "Sai dai ni na san irin gudun gidanku."

Kwana uku Muntari ya yi yana tauna kalma uku. Ban yarda ba. Ya faɗe su a cikin keke napep a hanyar Hotoro, ya faɗe su cikin ƙarar injin inda ba mai ji, ya faɗe su a gaban madubin bayan gida yana gyara hula. Sun zauna masa a baki daram. Ranar Laraba ya shiga lungun makabartar ya kwashe fasassun bokitai, ya share kabarin kakansa, ya yi addu'a. Ya ɗan yi jim, sannan ya share na Ya'u ma. A ranar ne kuma ya ji ana raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, amma bai ba abin muhimmanci ba, tunda raɗe-raɗin nan a Bompai ya fi wutar lantarki zuwa a kan kari.

Ranar Alhamis da hantsi aka kira shi sama. Shekara ashirin da bakwai, sau biyu kacal ya taɓa hawa benen nan, duka biyun a tsaye ya yi abin da ya kai shi. Yau sai ga Manaja, Alhaji Sagir, ya taso ya ba shi hannu, ya ja masa kujera. Sanyin na'ura ya daki gumin da ke bayansa. A gefe ɗaya lauyan kamfani ne, a ɗaya gefen kuma Dorkas, sakatariyar Manaja, 'yar Filato wadda Hausarta ta fi ta wasu Kanawan tsabta, ta buɗe littafi za ta rubuta abin da aka tattauna.

"Malam Muntari, ai mu ba mu san jikan babban mutum muke tare da shi ba," in ji Manaja. "Alƙali guda, ɗan majalisa guda! Allah ya jiƙansa. Irin su ne suka kawo ci gaba ƙasar nan. Ba don hangen nesansu ba, da ni da kai ba mu ci abinci a nan ba."

Muntari ya ce amin. Yabon ya fi zagin Iya Atika ciwo, amma ya ce amin.

Lauya ya yi bayani ba ɓoye-ɓoye. Za a kawo liman, a tone da mutunci, a kai makabartar gari a sake binnewa. In magaji ya amince, katafila za ta shigo ranar Litinin. In bai amince ba, ba wanda zai taɓa wurin, sai masu kamfani su gina siton a reshensu na Challawa. Babu tilas, ya faɗa har sau biyu.

"Babu tilas ko kaɗan," in ji Manaja. "Sai dai ka san in sito ya tafi Challawa, injin biyu za su bi shi. In injin ya tafi, masu aiki a kansa kuma..." Ya buɗe hannuwa. Sannan ya gyara wata takarda da ke gabansa, ya ɗan tura ta gaba kamar mai neman wurin ajiye kofin shayi.

A juye takardar take, amma wanda ya yi shekara da shekaru yana karanta lambobin injin ta kowace fuska ba ya kasa karanta sunansa a juye. Jerin sunaye ne, sun kai arba'in. Na farko shi ne Muntari Lawan Usaini. Saura shekara biyu ya yi ritaya ya fara karɓar fansho.

Daga baya zai iya cewa mutum arba'in ɗin nan ya duba, da matansu da 'ya'yansu, kuma mai saurare zai gyaɗa kai. Amma gaskiya ɗaya ce, suna ɗaya ya gani. Tsoro ya kama shi. Ya nemi kalmomin nan uku da ya kwana uku yana wasawa, ya same su a inda ya bar su, ya buɗe baki, kansa ya sunkuya da kansa.

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Madalla!" in ji Manaja. Lauya ya fara zaro biro.

Dorkas ba ta rubuta ba. Ita ma, kamar kowa a kamfanin, ta sha jin labarin tafinta, har an taɓa nuna mata takardar cikin leda. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ku yi haƙuri. Na ji ɗin nan, me zan rubuta? Kun yarda ne, ko kun ji ne kawai?"

Manaja ya harare ta, ita kuwa ko a jikinta.

Ga tambayar da Muntari ya ce ba a yi wa kakansa ba, an yi masa ita da Hausa, ba tafinta, ba Bature, an ma ajiye biro ana jiransa. A nan ne ya gane abin da ya yi, kuma ganewar ta fi tsoron zafi. Tun kafin ya buɗe baki ya san abin da za a rubuta. Don haka ma ya zaɓi kalmar, don a rubuta ya yarda, shi kuma ya sauka ƙasa ya rantse bai ce ya yarda ba. In shi, mai narka roba, ya san haka, ina ga alƙalin da ya ƙare rayuwarsa yana auna maganar mutane, wanda ya yi shekaru a majalisa da tafinta ɗaya da akawu ɗaya, yana jin yadda suke juya kowace kalma? Tsohon ya sani sarai. Ba wanda ya cuce shi, wuri ya samu ya ɓuya, ya bar wa jikoki su yi ta tsaron ƙofar.

Har yanzu Dorkas na jira. Kalma uku ce kawai, kuma ba a sa hannu ba tukuna. Muntari ya sake duban takardar da ke juye.

"Rubuta abin da Manaja ya fahimta," ya ce.

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta sunkuya ta rubuta. Lauya ya miƙo fayil, ya nuna masa wuri biyu, ya sa hannu a duka biyun. Manaja ya jawo jerin sunayen ya jefa a aljihun tebur, ya sake yi wa alƙali addu'a.

Muntari ya sauko bene daidai lokacin da aka busa tashin cin abinci. Ya biya ta akwatinsa ya buɗe, ya ga ledar, ya rufe bai taɓa ta ba. Ya so ya zauna a ciki har a tashi, ya fita ta babbar ƙofa cikin motoci. Amma gobe ma rana ce, jibi ma haka, kuma ƙofar ma'aikata ɗaya ce. Sai ya fita.

Bencin Iya Atika a cike yake, har da na tsaye. Duk wanda ya ji alkawarin ranar Litinin ya zo jin cikawa. Da suka gan shi cokula suka tsaya.

"To?" in ji ta.

"Iya, abin ba yadda kuke tsammani ba ne. Akwai mutum arba'in da..."

"Ba lissafi na tambaye ka ba. Me ka ce musu?"

Ya kau da ido. Tsohuwar ta kafa masa ido, ta duba fuskarsa a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba ta yi mamaki ba, wannan ne ya fi ƙona masa rai.

"Da Turanci aka tambaye ka?"

"A'a."

"Akwai tafinta?"

"Babu."

Ta ajiye ludayin a kan murfin tukunya. Ta juya ta dubi katangar, daidai inda ubanta yake, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba za ta yi a gaban ɗan gidan nan ba.

"Shekara saba'in," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Kakanka ya raba shi da gonar yana raye, kai ka raba shi da ragowar yana mace. Allah ya isa tsakanina da ku, na farkonku da na ƙarshenku." Sannan ta juyo. "Amma ka yi mini abu ɗaya, ka rage mini wahalar baki. Kullum sai na ce jikan wane, jikan wane, ga tsufa ga ba haƙori. Daga yau na sauke maka jikan. Ka ci gadonka."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi masa sauƙi. Muntari ya juya ya nufi ƙaramar ƙofa. Ya kai hannu zai tura ƙyauren ke nan sai muryarta ta taso daga bayansa, ba da ƙarfi ba, yadda ake kiran wanda aka san zai amsa.

"Na-ji!"

Ya waiwaya.